Ƙarfe ɗaya na dare a Kiruna, gado ya motsa

Jama'a, assalamu alaikum. Wallahi daren jiya na tsorata. Wajen ƙarfe ɗaya da wani abu ina kwance, sai na ji gado ya motsa, taga tana karkarwa. Salati kawai nake. Da safe matar da ta ba ni haya ta yi ta dariya, wai nakiya ce ake tayarwa a ƙarƙashin ƙasa kowane dare, su ko juyi ba sa yi. Nan Kiruna ne, can ƙuryar arewacin Suwidin, inda kamfanin LKAB ke haƙo tama.

To ku ga abin da ke hannuna, na'urar auna nauyin da ke danne dutse ce, malaminmu ya ba ni aro. Ɗan guntun ƙarfe ne mai rami, bai kai tsawon yatsana ba. Cikinsa akwai siririyar waya a ɗaure tamau. Ana huda dutse, a cusa shi, a tokare har ya kama gam. Da zarar dutsen ya ƙara matsewa, ɗaurin wayar ya sauya. Sai a kaɗa ta da maganaɗisu a ji muryarta, yadda mai gurmi ke gwada tsirkiya. Amma fa ba ya faɗin nauyin da ya tarar a wurin, abin da ya ƙaru ko ya ragu bayan an sa shi kaɗai yake nunawa.

Nauyin kuwa ba na wasa ba ne. Babban matakin aikinsu yana zurfin mita 1,365, wato sama da tan 3,000 ke danne kowane murabba'in mita. Ka rarake gefe ɗaya, nauyin ya koma wani gefen. A Mayun 2020 dutsen ya ɓalle, girgizar ta haura maki 4 a ma'aunin girgizar ƙasa, Allah Ya kiyaye ba wanda ya ji rauni. Ga kuma na'urorin sauraron motsin dutse birjik a cikin ramin.

Saboda wannan haƙar, garin ma matsar da shi ake yi. Cocinsu na katako sukutum aka ɗora a kan tayoyi a 2025, aka tafi da shi kilomita 5. 

Ni dai ɗan'uwa, in kana shiga ramin zinare a Anka ko Maru, ka ji dutse yana ƙas-ƙas ko tsakuwa tana zubowa, don Allah bar buhun ka fito. Bari in nemi safar hannu, yatsuna sun ƙage.