Amsoshin Tambayoyinku: Ina Fim Ɗin Kodachrome Ya Shiga?

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku daga nan birnin Akra. Wasiƙar farko ta fito ne daga hannun wani dattijo mazaunin Nima, wanda ya ce ya buɗe akwatin ƙarfe na marigayi mahaifinsa, ya tarar da waɗansu 'yan ƙananan hotuna ɗaure cikin kwali, kowanne da rubutun Kodachrome a jikinsa. Da ya ɗaga guda a saitin taga, sai ya ga mahaifin nasa ranar Sallah, jar dararsa da shuɗiyar babbar rigarsa suna nan raɗau kamar jiya aka ɗauka, alhali hotunan takarda da ke cikin akwatin duk sun koɗe. Yana tambaya wane irin fim ne wannan, kuma me ya sa aka daina ganinsa.

To Alhaji, Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Abin da ke hannunku shi ake kira silaid, wato fim ɗin da aka saka a kyamara shi ne da kansa ya zama hoton, ana haska shi a bango da majigi. Kamfanin Eastman Kodak na birnin Rochester a Amurka ne ya fito da Kodachrome a 1935, da farko don ɗaukar hoto mai motsi, sannan a 1936 ya fitar da mai faɗin milimita 35 irin naku. Waɗanda suka ƙirƙiro shi, Leopold Mannes da Leopold Godowsky, asalinsu makaɗa ne da suka ɗauki harhaɗa sinadarai abin sha'awa.

Dalilin da ya hana launinsa koɗewa shi ne kuma dalilin da ya kashe shi. Sauran finafinai masu launi suna fitowa daga masana'anta da sinadaran da ke haifar da rini a jikinsu, kuma ragowar waɗannan sinadarai na cikin abin da ke ɓata hoto idan ya kwana biyu. Shi Kodachrome ba ya ɗauke da su. Tamkar farin ƙyalle yake wanda sai an kai shi marina, domin a wurin wanki ne ake shigar masa da rini kala uku, ɗaya bayan ɗaya, kowanne a shimfiɗarsa. Wannan hanyar wanki, wadda tun 1974 ake kira K-14, lokacin da ake yin ta tana da matakai fiye da goma, tana buƙatar ƙaton inji da ƙwararrun da za su riƙa auna sinadaran, saboda haka ba aiki ne da mai hoton unguwa zai yi a ɗakin duhunsa ba. A wancan zamanin, a ƙasashe da yawa ana sayar da fim ɗin haɗe da kuɗin wankinsa, da 'yar ambulan a cikin kwalin, mutum ya jefa a gidan waya ya zauna jiran makonni. Ko wajen 1970, lokacin da James Barnor, mai shagon hoto na Ever Young a Jamestown, ya dawo daga Ingila ya kafa wurin wanke hoto mai launi na farko a Ghana tare da kamfanin Agfa-Gevaert, mai Kodachrome sai dai ya aika da nasa ƙetare.

Mutane da yawa suna ɗora wa kyamarar dijital alhakin mutuwarsa, amma a ganina ta tarar da shi ne yana jinya. Finafinan silaid irin su Ektachrome da Fujichrome ana wanke su ta hanyar E-6, wadda ƙaramin gidan wanki zai gama cikin 'yan awoyi, kuma da kamfanin Fuji na Japan ya fito da Velvia a 1990, mai launi tsantsa, masu ɗaukar hoton tsaunuka da dazuzzuka suka yi ƙaura zuwa gare shi. Da ciniki ya ja baya sai gidajen wanki suka fara rufewa, rufewar tasu kuma ta ƙara korar masu saye. An daina yin Kodachrome mai lamba 25 (lambar tana nuna saurin kama hasken fim ɗin) a 2002, aka daina mai lamba 200 a 2006, shekarar da aka rufe gidan wankin Lausanne a Suwizalan, inda Turai ke aika nata. Ranar 22 ga Yuni 2009 Kodak ya ba da sanarwar dakatar da Kodachrome 64, nau'in ƙarshe da ya rage, bayan shekara 74 da fitowar Kodachrome, yana mai cewa cinikinsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na finafinan hoton da yake sayarwa ba. Naɗin ƙarshe da ya fito daga masana'anta an miƙa shi ga Steve McCurry, wanda da irin wannan fim ya ɗauki hoton yarinyar Afganistan mai korayen idanu da ya fito a bangon mujallar National Geographic a watan Yunin 1985.

Wannan ya kawo mu ga wasiƙar wata ɗaliba daga Madina, wadda ta samu naɗin Kodachrome da ba a wanke ba cikin kyamarar kakanta, tana tambaya ko za a iya fito da hotunan. Malama, a yi haƙuri, da launi dai ba za su fito ba. Gidan wanki na ƙarshe a duniya, Dwayne's Photo da ke garin Parsons a jihar Kansas, ya rufe karɓar fim ɗin ranar 30 ga Disamba 2010, kuma an daina yin sinadaran. Amma tun da asalinsa baƙi da fari ne, ƙwararren mai wanki yana iya fito da shi a haka, bayan ya goge baƙin shafen da ke bayansa. Kada ki yarda a jefa shi cikin injin wankin hoto na yau da kullum, domin hotunan za su salwanta. Idan kuwa sha'awar silaid ce ta kama ki, Kodak ya dawo da Ektachrome a 2018.

Alhaji, mu dawo kan akwatinku. Kodachrome yana jure shekaru a cikin duhu, amma hasken majigi yana cin launinsa da sauri fiye da na Ektachrome, don haka a rage haska shi. Babban abokin gabarsa a nan Akra shi ne danshin iskar teku, wanda ke haifar da fumfuna, ita kuma idan ta ci fuskar fim ba ta da magani. A ɗauke akwatin daga ƙarƙashin gado, a zuba masa 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu cikin kwalin sabon takalmi, a riƙa kama kowane hoto ta gefen kwalinsa. In za a kai su a mayar cikin kwamfuta, a gaya wa mai sikana ya kashe manhajar share ƙura mai aiki da hasken infared, domin takan ɗauki jikin hoton Kodachrome a matsayin datti ta dagula shi.