Camon 20 Pro ko Note 30 Pro: wacce za ka ɗauka idan kyamara ce ta kai ka kasuwa?

Assalamu alaikum jama'a. Wayoyi biyu ne a gabanmu yau, Tecno Camon 20 Pro da Infinix Note 30 Pro. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban gilashin 'yan waya a cikin garin Katsina ya san yadda ake yi. Mai shago ya ɗora maka su a hannu, ya ce wannan kyamararta 108 ce, wannan 64, sai ya yi shiru ya bar lamba ta yi masa ciniki. To mu ba za mu bar lamba ta yi mana ciniki ba.

Da farko ku san cewa waɗannan wayoyi uwa ɗaya uba ɗaya suke. Tecno da Infinix, har da Itel, duk na kamfanin Transsion ne da ke birnin Shenzhen a ƙasar Sin. Dukansu a 2023 suka fito. Injin da ke cikinsu ɗaya ne, Helio G99 na MediaTek. Fuskarsu AMOLED ce mai inci 6.67, mai sabunta hoto sau 120 a daƙiƙa, shi ya sa idan kana jan Facebook da yatsa kake jin santsi. Batir 5000 mAh nan da can. Kyamarar gaba megafiksel 32 nan da can. Camon 20 Pro ɗin da nake magana a kanta mai 4G ce, domin akwai wata mai 5G da injinta daban, kada a haɗa su. A kan gudu da buɗe manhajoji, Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Wanda ya ce maka ɗaya ta fi ɗaya sauri nesa ba kusa ba, kayansa yake son sayarwa.

Mu zo ga kyamarar baya, inda gardamar take.

Note 30 Pro tana da megafiksel 108, Camon tana da 64. Megafiksel ƙidayar ƙananan ɗigo ne da ke karɓar haske a cikin kyamara. Ku ɗauka ana ruwan sama, ka jera ƙananan kofuna da yawa a tsakar gida, maƙwabcinka ya jera robobi manya amma kaɗan, filin kuwa kusan ɗaya ne. Yawan kofuna bai sa ka fi shi tara ruwa ba. Haka hasken yake. Idan aka cusa ɗigo miliyan 108 a ɗan ƙaramin wuri, kowane ɗigo ƙanƙancewa yake yi, hasken da yake samu ya ragu. Saboda haka wayar da kanta take haɗa ɗigo tara su zama ɗaya, ta ba ka hoto mai megafiksel 12. Mai 64 ɗin kuma tana haɗa huɗu, ta ba ka mai 16. Wato idan ka buɗe kyamara ka danna kawai, kamar yadda yawancinmu muke yi, hoton da ke shiga wayarka ba 108 ba ne. Sai ka je ka zaɓi yanayin da kanka kafin ta ba ka cikakken.

Yana da amfani kuwa? Yana da shi, amma da rana tsaka. Ka tsaya nesa da Hasumiyar Gobarau, rana ta haska ginin, ka kunna 108, ka riƙe hannunka kada ya motsa. Daga baya idan ka zuƙo hoton za ka iya yanko saman hasumiyar ba tare da ya farfashe sosai ba. Ko ranar hawan Sallah a Ƙofar Soro, jama'a sun tare ka, ba ka iya matsawa kusa da dawakai, sai ka ɗauka daga nesa ka yanke. A nan Infinix tana da abin cewa. Sai dai hoton yana cin wuri, kuma doki ba ya tsayawa jiran ka.

Da magariba ta yi kuwa, labari ya canza. Wurin kamu ko walima, an kunna janareta, ƙwai biyu ne a rumfa, amarya ta sha atamfa mai ƙyalli. A irin wannan wuri lambar da ke jikin kwali ba ta da ta cewa. Abin da ke aiki shi ne yadda manhajar wayar ke sarrafa ɗan hasken da ta samu, da yadda take fitar da fatar baƙin mutum. Tecno ta yi suna a Afirka ne da wannan batu na fata, kuma jerin Camon dama don hoton mutane aka gina shi. Amma a kula, wani lokaci gyaran yakan wuce gona da iri. Ka ɗauki hoton dattijo, ka ga an goge masa tsagar fuska, ya koma kamar saurayi ɗan shekara ashirin. Wasu haka suke so, ni dai ba na so. Kafin ka gwada kowacce, shiga saitin kyamara ka kashe kwalliyar fuska, sannan ka yi hukunci.

Ƙananan idanun nan da kuke gani kusa da babbar kyamara, kada su ruɗe ku. A dukansu biyun babbar ce kaɗai mai aikin kirki, sauran 'yan rakiya ne. Babu mai kyamarar faɗi da za ta kwashe dangi gaba ɗaya a ƙaramin ɗaki. Bidiyo ma injin G99 ba ya kai wa 4K, don haka mai son zama ɗan fim ya ƙara kuɗi ya duba sama.

Kuma mu tambayi kanmu, hotunan nan ina suke ƙarewa? A WhatsApp. Shi kuwa matse hoto yake yi don ya rage cin data. Idan ba ka danna HD ba, ko ka tura shi a matsayin fayil, bambancin 108 da 64 a hanya yake zubewa kafin ya isa wayar ɗan uwanka da ke Daura.

Inda na ga tazara ta gaskiya shi ne caji. Camon tana karɓar wat 33, Note 30 Pro tana karɓar 68, kuma tana yin caji ba tare da igiya ba, a kan faifai, da wat 15. A garin da za a kawo wuta ka sa ruwan zafi, kafin ya tafasa an ɗauke, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Haka idan shagon mai caji kake kai wa, ko kana rokon soket a wurin aiki. Sharaɗin dai ka yi amfani da cajarta ta asali. Ka sa mata cajar ɗari biyar ta bakin titi, ta koma tafiyar hawainiya. Sannan a watannin zafin nan, Afrilu da Mayu, caji mai ƙarfi yana ɗumama waya, kada ka bar ta a kan kujerar mota tana caji cikin rana. Lasifikan Note ɗin guda biyu ne da JBL ya daidaita sautinsu, mai sauraron karatu ko wa'azi ba tare da abin kunne ba zai ji daɗinsu.

Tsarin manhajar da ke tafiyar da Tecno shi ne HiOS, na Infinix kuma XOS, duka a kan Android. Dukansu suna zuwa da tarkacen manhajoji da tallace-tallace, sai ka zauna ka kakkashe su. Gyara kuwa Carlcare, cibiyar gyaran wayoyin Transsion, ce ke kula da su biyun, kayan gyaransu ma ba sa wahalar samu.

Tunda sun kwana biyu da fitowa, da yawanku na hannu za ku samu. A nan a buɗe ido. Danna *#06# ka ga lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ka gwada ta da ta jikin kwali. Ka nemi rasit, domin sayen wayar sata ya jefa mutane da dama a hannun hukuma. Sannan ka buɗe hoto baƙi ƙirin, ka rufe fuskar da tafin hannu ka leƙa. AMOLED ta asali baƙinta kamar an kashe wayar yake. Idan ka ga toka-toka yana haske, an canza mata fuska da mai araha, kuɗinta ya kamata ya sauka.

Ni idan kuɗinsu ya zo kusa da juna, Note 30 Pro zan ɗauka, kuma saboda caji ne, ba saboda 108 ba. Mai sayar da atamfa ko turare a intanet, da mai yin lalle da ke ɗaukar hannun kwastoma kullum, su kuma kada su biya sai sun gwada. Ka roƙi mai shago ya ba ka duka biyun, ka ɗauki fuskar yaron shagon a bakin ƙofa, ka sake ɗauka a can ciki inda haske ya yi ƙaranci. Ka ɗauki jan yadi ko hular da ke kanka ka ga wacce ta fitar da launin yadda idonka yake ganinsa. Sannan ka tura hotunan duka zuwa tsohuwar wayarka ta WhatsApp, ka kalle su a can, domin a irin wannan fuskar ce masu sayen kayanka za su gan su.