Sharhi: Daga ina giginyar Indiya ta samo sunan Palmira?

Jama'a masu sauraro barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau akan wani suna ne da Turawa ke kiran giginyar ƙasashen Asiya da shi, wato Palmira. Da yawa in sun ji sunan nan sai hankalinsu ya tafi Siriya, wajen tsohon birnin nan na cikin hamada da Larabawa ke cewa Tadmur, Turawa kuma su ce Palmira, sai a ɗauka ai daga can bishiyar ta fito. To ba haka bane fa, dabino ne a garin, kuma kowa ya san ganyen dabino dogo ne siriri, ba ruwansa da faɗin ganyen giginya.

Asalin maganar daga Latin ne, yaren Rumawan da. Su "palma" suke ce wa tafin hannu. Ka ɗaga hannunka yanzu ka ware yatsu, sannan ka tuna ganyen giginya yadda yake buɗewa daga tsakiya kowane tsinke ya kama gabansa, ai ka ga kamar. Saboda irin wannan kama ne Rumawa suka kira bishiyoyin wannan dangi "palma" su ma. Daga nan mutanen Fotugal suka samu "palmeira", su a wajensu duk bishiyar wannan dangin sunanta kenan. Da jiragensu suka isa Indiya, bayan matuƙin jirgin ruwansu Vasco da Gama ya sauka birnin Kalikut a 1498, suka tarar da wannan doguwar bishiya ta cika gaɓar teku sai suka laƙa mata sunan da suka zo da shi daga gida, Ingilishi ya ara a bakinsu, wajen rubutawa kuma aka karkata shi ya yi kama da sunan birnin Siriya, ruɗanin kenan.

Masana tsirrai ma ganyen suka kalla. A 1753 masanin tsirrai Linnaeus ya sa mata Borassus flabellifer, kalma ta biyun ma'anarta mai ɗauke da mafici.

Abin da ke ci min rai shi ne, bishiyar nan tana da sunanta tun kafin baƙi su zo. Da Sanskrit, tsohon yaren Indiya, "tala" ce, Tamilawa kuma "panai" suke cewa, kuma su suka san darajarta don ita ce bishiyar jiharsu ta Tamil Nadu a Indiya, Kambodiya ma ta ɗauke ta bishiyar ƙasa. A ganyenta aka yi ta rubuta littattafai ɗaruruwan shekaru kafin takarda ta wadata, a yanko ganyen a busar, a zana harufa da tsinken ƙarfe, sai a shafa baƙin hayaƙi da mai rubutu ya fito tas, a huda a zura zare a ɗaure. Ruwan da ake tatsa daga furenta shi ake dafawa ya zama suga. Amma ka buɗe ƙamus na Turanci yau, sunan da baƙi suka kawo shi ne a gaba, na masu ita sai ka yi bincike.

Mu kwana nan, a ci gaba da sauraronmu.