Dolly Parton Ba Ta Ɗauki Waƙar Kowa Ba: Maganar Faifanta Na 1967

Toh jama'a, ku kalli murfin faifan nan da kyau. Yarinyar da kuke gani da gashi an tayar da shi sama haka, shekararta 21 a lokacin, kuma wannan shi ne cikakken faifanta na farko ita kaɗai, Hello, I'm Dolly, kamfanin Monument ya fitar da shi a 1967. Waƙa 12 ce a ciki.

Abin da yasa na zauna yin bidiyon nan shine maganar da nake ta ji ana maimaitawa, wai Dolly Parton da waƙoƙin mutane ta fara, wai ai ga shi nan waƙar Put It Off Until Tomorrow wani Bill Phillips ne ya fitar da ita tun 1966, ita kuma sai shekara ta zagayo ta saka a faifanta, kenan ta kwaikwaya. Wallahi maganar nan tana min ciwo, saboda shekarun da suka faɗa daidai ne, fahimtar ce ta karkace.

Bari mu yi sauri da tarihin. An haife ta 1946 a cikin duwatsun gabashin Tennessee a Amurka, ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya 12, gidan talauci ne sosai. Ta gama sakandare 1964, washegari ta hau motar haya sai Nashville, garin da ake harkar kiɗan kantiri, wato salon kiɗan mutanen karkarar Amurka. Shikenan, ku ci gaba da kallon hanyar.

Yanzu ga gurin da nake so ku natsu. Zan tsayar da hoto ɗaya tak a nan, kar ku damu ba zai motsa ba, kunnenku nake nema.

Wannan takardar tsakiyar faifai ce, zagayayyar nan da ake mannawa kusa da ramin. Babban rubutu sunan waƙa ne, ɗayan babban kuma sunan wanda ya rera. Amma ku duba ƙasan sunan waƙar, akwai wasu 'yan ƙananan haruffa cikin baka biyu waɗanda kusan ba mai karantawa. Nan ake sa sunan wanda ya tsara waƙar, wanda ya zauna ya haɗa baitoci da karin. A faifan Bill Phillips ɗin, sunayen da ke wannan gurin su ne Dolly Parton da kawunta Bill Owens, ɗan'uwan mahaifiyarta. Waƙarsu ce, su suka ƙirƙire ta.

To ya aka yi wani ya riga ta fitarwa? Haka Nashville take aiki. Marubuci yana ƙulla yarjejeniya da kamfanin dillancin waƙa, ita Combine Music ta shiga, sai ka rubuta waƙa ka naɗi gwaji mai sauƙi, murya da jita kawai ma ya isa, kamfanin ya ɗauki naɗin nan yana zagayawa da shi gurin mawaƙan da suka riga suka yi suna ko wani zai so. Wanda ya so sai ya shiga situdiyo ya rera da muryarsa, naɗin ya zama na kamfanin faifansa, amma ita waƙar kanta tana nan hannun marubuci da dillalinsa, kuma duk faifan da aka sayar ko duk sanda rediyo ta saka akwai kasonsu. Kamar ka gina gida ne ka ba da haya, wanda ya fara tarewa a ciki bai zama mai gidan ba, ranar da ka ga dama ka shiga gidanka ba wanda zai ce ka yi kutse.

Abu biyu ne, waƙa daban, naɗi daban. Mu da muka saba da finafinanmu ai bai kamata ya rikita mu ba, mun san jarumin da ke motsa baki a allo ba lallai shi ne mai muryar ba, wannan ma mataki ɗaya ne aka ƙara, mai muryar ba lallai shi ne mai alƙalamin ba.

Ga kuma abin da nake ƙauna a labarin. Ku saurari amshin nan na Bill Phillips, zan saki daƙiƙa kaɗan… kun ji siririyar muryar macen da ke bin sa ta sama? Dolly ce. Ba a rubuta sunanta a matsayin mai rerawa ba, amma waƙar ta shiga goman farko a jadawalin kantiri na mujallar Billboard, mai jera waƙoƙin da suka fi tashe, mutane suka fara tambayar wace ce wannan yarinyar. Shi kuwa Fred Foster, mai kamfanin Monument, dama ya ɗauke ta tun 1965 amma yana ta tura ta ɓangaren waƙar pop saboda yana ganin muryarta ta yi ƙanƙanta da kantiri, waƙoƙin pop ɗin ba su tafi ko'ina ba. Sai da ya ga abin da waƙar da ta rubuta ta yi a bakin wani sannan ya sakar mata mara.

Kuma ba waƙa ɗaya bace. The Company You Keep shima Bill Phillips ya rera, Fuel to the Flame Skeeter Davis ta rera, duk daga hannun Dolly da kawunta, duk kuma suna cikin faifan nan. Cikin waƙa 12, goma da hannunta a rubutun. Abin mamakin ma, waƙar da ta fara sa sunanta a jadawali, Dumb Blonde, tana cikin biyun da ba ita ta rubuta ba, Curly Putman ne. Ta kai lamba 24, Something Fishy da ta rubuta da kanta ta kai 17. Ni a gurina ma wadda tafi daɗi a faifan ita ce tata Put It Off ɗin, akwai wani rauni a muryar da namiji ba zai iya kawowa ba, ra'ayina kenan.

A wannan shekarar ta 1967 mawaƙin kantiri Porter Wagoner ya kira ta shirinsa na talabijin, ga su nan kuna gani da rigarsa mai ƙyalli. Shi ta rubuta wa I Will Always Love You ta bankwana, ta fito 1974. Shahararren mawaƙi Elvis Presley ya so ya rera, manajansa Kanal Tom Parker ya ce sai an ba su rabin mallakar waƙar, ta ƙi, duk da irin son da take yi ta ji ta a bakin Elvis. 1992 Whitney Houston ta rera ta, sati 14 tana lamba ɗaya a Amurka, har yau wasu sun ɗauka ta Whitney ce. Ga faifan Whitney ɗin nan, zan matso muku da 'yan ƙananan haruffan, ku karanta sunan da kanku.