Mai Sankarar Mama a Lokacin Annoba: Laccar da Aka Gabatar a Garwa

Assalamu alaikum. Iyayena mata, yayye da ƙanne, sannunku da fitowa.

Korona ta shigo Kamaru ranar 6 ga Maris 2020, ba a cika mako biyu ba gwamnati ta rufe iyakoki da makarantu. Hankalin kowa ya koma kan takunkumi da wanke hannu, ita kuwa sankarar mama tana ta cin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 kaɗai an gano sankarar mama a jikin mata miliyan 2.3 a faɗin duniya, kuma 685,000 sun rasu.

Mu nan arewa dama can magani ya yi mana nisa. Wadda likita ya rubuta wa gashi, wato ƙona sankarar da hasken na'ura, sai ta hau mota zuwa Ngaundere, ta kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, sannan ta ƙarasa Duwala. Ga shi kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, yana rage ƙwayoyin jinin da ke kare jiki, mura ma sai ta kwantar da ita. Wa zai ce mata ta kutsa cunkoson tasha alhali kowa na tsoron tari? Da yawa suka zauna gida. Kemo kuwa galibi bayan mako uku-uku ake yinsa, in aka tsallake, ƙarin ya samu sarari. Wata kuma ta taɓa ƙullutu a nono, ta ce bari annoba ta lafa, ta koma kan jiƙo, sai da fatar ta yi kamar ɓawon lemo sannan aka kawo ta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dubiya da ta yanke. Mace an cire mata nono, gashin kanta ya zube, ta ɗaura kallabi tana zaune a ɗaki, maƙwabta su ajiye kwanon kunu a bakin ƙofa su juya. Babu biki, babu suna, babu mai zama ya ce, "Ya jiki, Inna?" Barci ya ƙaurace, abinci ya fita rai, tunani ya yi yawa. Wannan damuwa ciwo ce, jama'a, ba raunin imani ba, kuma ita ke sa mace ta ce ta haƙura da asibiti.

Don Allah, in an sake shiga irin wannan hali, a riƙa kiran mai jinya a waya kullum, a bar ta ta yi kukanta ba tare da an katse ta da "ki yi haƙuri" ba. Lambar nas ɗinta ta zauna a wayar maigida. Kuma in tana kan kemo zazzaɓi ya kai digiri 38 a ma'aunin zafin jiki, a kai ta asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.