Allurar da Ake Yi a Bayan Labule

(Hoto: gidan biki, mata sun cika tsakar gida.)

Ana tsaka da biki, an fara fito da shinkafa. Wata uwa ta ja hannun 'yarta mai shekara tara zuwa ƙuryar ɗaki, ta saki labule, ta ciro allura daga jaka, ta yi mata a cinya. Sannan ta raɗa mata: "Kada ki faɗa wa kowa, kin ji?"

Ciwon sukari ke damun yarinyar. Uwar kuwa maganganun mutane ne suka hana ta sakat. Uwar miji ta ce ita ta cika yarinya da alawa da lemon kwalba. Dangin miji sun ce daga gidan su uwar aka kwaso. Maƙwabciya ta ce jifa ne, a nemi na gida. Uban ya yi gum, yana tunanin wa zai zo neman auren yarinyar da kullum sai an yi mata allura.

Iyaye, ku saurara da kyau, domin alawa ba ta da hannu a nan. Ciwon sukari iri-iri ne, wanda ya fi kama yara shi ne nau'i na 1. A bayan tumbi akwai wata gaɓa da ke samar da insulin, sinadarin da ke buɗe wa sukari hanya ya bar jini ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. Garkuwar jikin yaron ce ke yin kuskure, ta afka wa ƙwayoyin da ke samar da shi har su daina aiki. Babu abincin da uwa ta bayar ya jawo hakan, babu kuma wanda da ta hana zai kare shi. Shi ya sa yaro ke ci yana ramewa, yana shan ruwa ba ya ƙoshi, fitsarin kwance ya dawo bayan ya daina, har tururuwa ta riƙa bin wurin.

(Hoto: tsohon hoton asibiti, baƙi da fari.)

Kafin 1921, yaron da ya kamu ba ya daɗewa a duniya. A shekarar ne Frederick Banting da Charles Best suka fitar da insulin a Toronto ta ƙasar Kanada. A Janairun 1922 aka fara yi wa mutum allurar, wani yaro mai shekara 14, Leonard Thompson, ya kuma farfaɗo. Allurar nan da ake ɓoyewa a jaka, ita ce ke riƙe da ran yarinya, da ikon Allah.

(Hoto: aji, malama na rubutu a allo.)

Ga inda ɓoyon ke zama haɗari, kuma shi ya fi tayar mini da hankali. An yi allura da safe, yarinya ba ta karya sosai ba, ta yi guje-guje lokacin tara. Sukari ya faɗi. Jiki na rawa, gumi na keto mata, magana ta fara sarƙewa. Malama ba ta san komai ba, sai a ce aljanu ne ko farfaɗiya, a taru a kanta, alhali sukari ƙaramin cokali uku a ruwa, ko rabin kwalbar lemo, zai dawo da ita cikin mintuna. Idan ta riga ta suma, ba a ɗura mata komai a baki. Asibiti za a nufa nan take.

Akwai kuma iyayen da suka gaji da surutu suka ajiye allurar, suka koma jiƙe-jiƙe. Cikin 'yan kwanaki sai amai, ciwon ciki, da numfashi mai zurfi da sauri. Wannan ma ba ya jiran wayewar gari.

Saboda haka a sanar da malamar aji, da malamin Islamiyya, da kakar da ake bar wa yarinya, har da yayanta da suke tafiya makaranta tare. A nuna musu alamomin, a nuna musu aljihun jakar da sukarin yake.