Tsohuwar Mota a Gida: Kada Ka Murɗa Makulli Tukuna

Motar nan da ke gabana, wata tsohuwar Volkswagen Beetle, ta yi shekaru a ajiye ba wanda ya taɓa ta. Tayoyi sun sace, ƙura ta rufe gilasai, ƙofar direba sai an sa kafaɗa take buɗuwa. Duk wanda ya samu irinta, abin da zuciya ke fara raya masa shi ne ya aro batir, ya zuba fetur, ya murɗa makulli ya ji ko za ta tashi. To ɗan dakata, malam. Murɗawar nan guda ɗaya tana iya kashe injin da ya yi shekara 20 yana jiranka lafiya lau.

Da Volkswagen Beetle za mu yi misali. An ƙera sama da miliyan 21, ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Puebla ta ƙasar Meksiko a shekarar 2003, don haka kayan gyaranta ba sa wuyar samu. Injinta a baya yake, iska ke sanyaya shi, babu lagireto. Amma akasarin abin da zan faɗa ya shafi Peugeot 504 da tsohuwar Land Rover da sauran sa'o'insu, domin duk tsari ɗaya ake bi: jiki tukuna, sai birki, sai inji, fenti a can ƙarshe.

Mu fara da jiki, tunda shi zai gaya maka ko motar ta cancanci wahalarka. Inji ana sauke shi a sa wani. Giya ma haka. Tsatsa kuwa idan ta cinye ƙashin mota, aikin ya fi ƙarfin mai koyo. Ɗaga kafet ɗin ƙasa, ka ɗauki sukudireba ka riƙa dannawa. Na duba ƙarƙashin kujerar baya, inda batirin Beetle ke zama. Daga sama kamar ƙarfe lafiyayye, amma da na danna, sai ga bakin sukudireba ya leƙa waje, ɓarɓashi mai ruwan ƙasa yana zuba. Ruwan batir ne ya yi shekaru yana ɗiga a wurin. Wannan mai sauƙi ne, ana sayar da farantin ƙasan, a yanke ruɓaɓɓen a yi waldar sabo. Inda ya kamata gabanka ya faɗi shi ne dogon bututun da ya bi ƙarƙashin ƙofofi, wanda ke kai iska mai ɗumi gaba. Shi ke riƙe da bodin, kuma ta jikinsa aka ɗaure bodi da farantin ƙasa. Idan ya ruɓe, ƙofofi za su fara saɓa layi, gyaransa kuma sai wanda ya goge a walda.

Kada fenti mai sheƙi ya ruɗe ka, sau da yawa kyan ɗan maciji ne. Naɗe ƙaramin maganaɗisu a ƙyalle, ka bi ƙasan ƙofofi da kewayen tayoyi da shi. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya zame ya ƙi tsayawa, wani ya cike rami da abin cikon bodi ya shafe da fenti. Wannan gwajin ba ya aiki a yawancin jikin tsohuwar Land Rover, saboda alminiyum ne, ita shasinta za ka duba. Kuma ka shirya, domin a harkar tsatsa allura ce ke tono garma: ramin da ka gani kamar kwabo, in ka kankare sai ya zama tafin hannu.

Kafin ka kwance ko da noti ɗaya, ɗauki hoto. Hoton kowace waya, kowane tiyo, daga gefe biyu ko uku. Ni na taɓa zuba duk notocin gaban mota a gwangwani ɗaya, ina cewa ai zan tuna. Bayan wata 8 na zauna da gwangwanin a gabana kamar mai tsintar tsakuwa, dogo da gajere duk sun zama iri ɗaya a idona. Yanzu kowane sashe da ledarsa, da takarda a ciki. Sannan kada ka wargaza motar gaba ɗaya. Motoci da yawa a kwali suka ƙare, mai su ya kwance komai cikin mako guda da zumuɗi, daga baya ya rasa ta inda zai kama. Gama sashe ɗaya, ka mayar, sannan ka taɓa na gaba.

Yanzu za mu shiga ƙarƙashi, kuma a nan ba wasa. Jak na ɗagawa ne kawai. Da ka ɗaga, ɗora motar a kan ƙafafun ƙarfe da aka yi don haka, a ƙasa mai tauri, ka sa wa tayoyin da ke ƙasa waigi, ka girgiza ta da ƙarfi kafin ka cusa kanka. Bulon siminti yana fashewa ba sallama.

Me ya sa birki kafin inji? Saboda ranar da injin ya tashi, ba mai iya hana ka cewa bari in ɗan zagaya. Gara a ce tana iya tsayawa tun kafin ranar. Man birki irin DOT 3 da DOT 4 yana shan danshin iska, shekara da shekaru ruwan yana cin bututu da silinda daga ciki. Tiyon roba kuma yana kumbura ta ciki ko da wajensa ya yi kyau, sai taya ta kama ta ƙi saki. Ga wani abu: yawancin motocin da aka ƙera kafin ƙarshen shekarun 1960 layin birki ɗaya gare su, wuri ɗaya ya huje, tayoyi huɗu sun rasa birki. Don haka ni ba na lallaɓa tsohon tiyo, sabo nake sawa duka. In ka buɗe gangar birki, kada ka hura ƙurar da baki ko da iskar kwamfiresa. Tsofaffin takalman birki da faifan kuloci suna iya ƙunsar asbestos, kuma shaƙar ƙurarsa na jawo mummunar cutar huhu. Jiƙa ta, ka goge, da takunkumi a fuska.

Fitar da iska daga birki aikin mutum biyu ne. Ɗaya a kujera, ɗaya a gindin taya da sifana da kwalba, a fara da tayar da ta fi nisa da babbar silinda, wato wadda fedar birki ke turawa. "Taka! Riƙe!" Ka buɗe ɗan notin fitar da iska da ke bayan gangar birki, mai ya fito da kumfa, ka rufe. "Saki!" Haka za ku yi ta yi har kumfa ta ƙare, kana leƙa kofin mai kada ya ƙafe. Su ma tayoyin ka karanta shekarunsu. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen taya su ne mako da shekara: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. In lambobi uku ka gani, an yi tayar kafin shekarar 2000, ko zanenta bai ci ba, ta gama aiki.

To, mun iso inji. Zubar da tsohon baƙin mai, ka kalle shi da kyau. Ƙyalƙyalin ƙarfe a ciki ba albishir ba ne. In motar mai lagireto ce kuma man ya yi fari-fari kamar an dama shi, ruwa ya shiga. Tsohuwar Beetle ba ta da matatar mai irin ta motocin yau, 'yar raga ce a gindin inji, a ciro ta a wanke. Cire fulogai duka, ka ɗiga mai kaɗan a kowane rami, ka bar shi kwana biyu ko uku. Sannan ka sa sifana a notin fuli, wato faifan da bel ɗin inji ke zagayawa, ka juya da hannu a hankali. In ya zagaya, madalla. In ya cije, kada ka sa dogon bututu ka danne da ƙarfi, zoben fistan za ka karya. Ƙara mai, ƙara haƙuri.

Ku ga abin da na ciro daga gidan fanka: tsummoki da audugar kushin, sheƙar ɓeraye. Injin da iska ke sanyayawa, in hanyar iskar ta toshe, cikin 'yan mintoci zai yi zafin da zai lalata shi. Haka nan duk farantan da ke kewaye da injin da robar da ta rufe gefensa, ba ado ba ne, su ke hana iska mai zafi komowa ciki. Saita bawul inji na sanyi, tazarar milimita 0.15, bakin kwantak, wanda ke katse wuta don fulogai su ba da tartsatsi, kuma milimita 0.4. Wannan na Beetle ne, wata motar ka duba littafinta.

Tsohon fetur ba ya zama fetur. Yana komawa wani danƙo mai warin fenti ya toshe kafireta. Kada ka ja mai daga tsohon tanki, sauke shi a wanke, kafireta ma a kwance ta a wanke. Tiyon fetur duka a canza, musamman wanda ke cikin ɗakin inji, domin shi ne sanadin gobarar Beetle da yawa, kuma sinadarin etanol da ake gauraya wa fetur a ƙasashe da dama yana cin tsohuwar roba. Wani abin lura: an daina sayar wa motoci fetur mai dalma a duniya, Aljeriya ce ta ƙarshe a 2021. Wasu tsofaffin injuna waɗanda aka yi kansu da baƙin ƙarfe da dalmar suka dogara wajen kare mazaunin bawul, irin waɗannan sai a sa musu mazauni mai tauri ko a riƙa ƙara maganin da ke maye gurbinta.

Kafin ka haɗa batir, tabbatar ko motar mai bolt 6 ce ko 12. Beetle ta koma 12 ne a wajejen 1967. Wasu tsofaffin motocin Ingila kuma kan batir mai alamar tarawa ne ke haɗe da bodi, in ka juya za ka ƙona kaya. Zuba sabon mai, ka bar fulogai a cire, ka zare wayar kwayil, ka yi ta ba ta sitata kaɗan-kaɗan har fitilar mai ta mutu. Yanzu mai ya kai ko'ina. Mayar da fulogai, buɗe ƙofar gareji saboda hayaƙin salansa yana kisa a rufaffen wuri, ajiye abin kashe gobara kusa da hannu.

Sai yanzu za ka murɗa makullin. Za ta yi tari, ta yi hayaƙi, wannan man da ka ɗiga ne ke ƙonewa. Idonka a kan fitilar mai, hancinka yana neman warin fetur.

Fenti ba zan daɗe a kansa ba. Kankare tsatsa har ƙarfe ya fito fari, shafa maganin tsatsa da fentin share fage, ka bar sheƙi sai ka yi 'yan watanni kana hawa. Fenti mai haɗi biyu yana da guba ga huhu, feshinsa a bar wa mai kayan kariya.

Fitar farko gajeriya ce, inda ba cunkoso. Taka birki tun kana tafiyar ƙafa, ka ji ko tana ja gefe. In ka dawo, kai bayan hannu kusa da kowace ganga, wadda ta fi sauran zafi tana kamawa. Sannan ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana a kai. Da safe ɗigon baƙi man inji ne, mai kauri da wari man giya ne, wanda ya fito kusa da taya kuma man birki ne, shi za ka fara bi kafin ta sake fita.